Shara Ta Yi Ƙaura Zuwa Ƙofar Goggo Ige

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, a makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinki, ya sa can ta fi miki nan. Mu nan Jega muna lafiya. Jikokinki sun girma, an cire albasar bana an samu albarka, zafi kuma ya taso kamar yadda kika san shi.

Na san ba a aika wa mamaci wasiƙa. Na kuma san ko da kina raye ba karanta boko za ki yi ba, sai dai in zauna gefen tabarmarki in karanta miki, kina tsinkar zogale kina gyara mini zance. Amma abin da idona ya gani ya fi ƙarfin cikina, kuma duk wanda na nufa da maganar sai in ji ba shi nake son gaya wa ba. Shi ya sa na rubuta a shafina na intanet. Masu leƙe su leƙa, ni dai da ke nake.

Maganar Goggo Ige ce, aminiyarki, wadda katanga ɗaya ta raba ku shekara da shekaru. Ɗanta Bello, mai walda a Maiyama, ya rantse sai ya ɗauke ta daga gidan da aka kawo ta tana amarya, gidan da ta sha faɗa a gabanki cewa daga shi sai kushewa. Abin da ya sa shi rantsuwar kuwa, Inna, daga ajina ya fito. Bari in faro miki daga tushe, don na san ba ki son labarin da aka kamo ta wutsiya.

Kin tuna safiyarku ke da ita? Kafin rana ta fito kin share tsakar gida kin fito ƙofa da tsintsiya, ita kuma ta hura wuta a ƙofarta ta ɗora tanda. Kina shara kina yi mata tsiya wai masarta ta yi tsami, tana rama miki wai tsintsiyarki ta fi ki ƙiba. Masar farko ta kan katanga take zuwa mana a faifai, da zafinta, kafin masu saye su yi layi.

In kin tara sharar ba ki yarda a tura ta gaban gidan kowa. Ni da Yaya Sani mun sha ɗaukar kwando har tsohon ramin da ke bayan gari. In muka yi ƙorafin nisa sai ki ce, "Shara ba ta mutuwa, ƙaura ta ka yi. Ku san inda kunka kai ta." A lokacin na ɗauka dabarar sa yara aiki ce kawai.

Sai kuma tafiyar nan taku ta ido ƙasa. In kun ga takarda mai rubutun Arabiyya a hanya, ko sauri kuke zuwa barka, sai kun duƙa kun ɗauka, kun kaɗe, kun ƙulle a bakin zane. Ranar Juma'a ku haɗa abin da kuka tsinta ku ƙona a wuri mai tsarki, ku binne tokar a gindin darbejiya. Mukan yi muku dariya mu ce ku biyu kun fi kaji kiwo. Ba ki taɓa kula mu ba.

Bayan rasuwarki aka ƙara mini aji a kwalejin addinin da nake koyarwa. Shugabanmu ya yarda na buɗe wani darasi da muka sa wa suna zaman gari. Ɗaliban manya ne, maza da mata, waɗanda gobe su ne limamai da malaman Islamiyya. Abin da ke damuna shi ne mutum ya haddace babin tsarki da haƙƙin maƙwabci, amma bai san ta ina kwatar unguwarsu ke bi ba. Don haka mukan fita da ƙafa mu duba rijiyoyi da mahauta da inda ake lodin albasa, mu dawo mu buɗe littafi mu ga me ya ce a kan abin da muka gano. Na kuma ce musu wa'azin baki ya yi yawa a garin nan har kunne ya yi kanta. Kowa ya kawo abin da hannunsa ya iya, zane ko waƙa ko ɗinki ko wasan kwaikwayo, mu gwada yi wa gari magana da shi.

Aikinmu na farko shi ne jujin nan da ke jikin katangar masallacin Juma'a na unguwarmu. Kin san shi. Liman ya yi huɗuba a kansa har muryarsa ta dushe, ana fitowa daga sallar a sake zubawa.

A ajin akwai Nasiru, ɗan Gehuru, wanda ya gaji zayyanar allo daga mahaifinsa, irin adon da ake yi wa allon mai sauka. Akwai kuma Luba, tela ce 'yar Aliero, mai ido da kaifin baki. Samarin ajin suka kwashe jujin, aka yi wa katangar yaɓe aka shafe ta fari. Nasiru ya rubuta bisimilla a can sama, ƙarƙashinta ya rubuta kalmomi a kan tsarki, ya kewaye su da zayyana ja da kore da ruwan ɗorawa. Luba da matan ajin suka ba shi zanen gefe, wanda suka kwaso daga lallen amare da saƙar faifai.

Inna, da kin ga katangar nan da kin riƙe baki. Mutane suka riƙa tsayawa suna kallo, masu babur na rage gudu. Tun daga ranar ko ɓawon gyaɗa ba a sake yarwa a wurin ba. Wanda fitsari ya matsa ma sai ya riƙe mara ya ƙara gaba. Abin da huɗuba ta kasa, fenti ya yi shi a yini guda, don babu Musulmin da zai zuba ƙazanta a ƙarƙashin sunan Allah. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye miki ba.

Hotuna suka bazu a waya. Aka gayyace mu Aliero muka yi wa wata makaranta da ke kusa da kasuwar albasa irinsa, har ɗaliban jami'a suka zo suna yi mana tambayoyi suna rubutawa. Daga can aka kira mu Maiyama. Ni da nake tsoron tsayawa gaban taro sai ga ni ina bayani da lasifika, ina cewa fasaha ta gyara mana gari.

A Jega kuwa abin ya riga ya fita hannunmu. Duk mai katanga a bakin hanya ya gane cewa in aka rubuta sunan Allah a jikinta ta tsira daga shara da fitsari. Masu fentin shaguna suka samu kasuwa. Wani rubutun a karkace, wani an ci harafi, wani a ƙasa-ƙasa inda awaki ke soshe-soshe. Nasiru ya kawo mini ƙorafi, na ce ya yi haƙuri, ai gari na gyaruwa. Ni da nake sabuwar unguwa tun aurena, abin da nake gani daga kan kabu-kabu shi ne katangu fes hagu da dama. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina inda sharar ta koma ba.

A Maiyama ne, bayan mun gama aikin, na hango Bello a gefen taro. Na nufe shi da fara'a, don tare muka yi wasan ƙasa. Ya amsa gaisuwar ciki-ciki, ya ce, "Malama, sannunku da aiki, mun ga hotuna. In kin koma Jega ki biya ki ga abin da zanenku yay yi ma tsohuwa. Ni dai na gama magana, ɗauko ta za ni yi." Ya juya ya tafi, ya bar ni riƙe da robar ruwa ina kallon ƙeyarsa.

Washegari da na tashi daga aji na nufi unguwarmu. Tun daga bakin titi rubutu ke bina, wannan gida da shuɗi, wancan da baƙi. Gidanki ma, Inna, Yaya Sani ya sa an rubuta masa, manyan haruffa tun daga zaure har kusurwa. Ina karya kwana in shiga lungun Goggo wari ya tarbe ni, har na ja mayafi na toshe hanci.

Juji ne, Inna. Juji a ƙofar Goggo Ige. Ya taso daga kusurwar katangarta ya zo dab da ƙofa, tsawonsa ya kai ƙugun mutum. Ruɓaɓɓiyar albasa, ledoji, tokar murhu, gashin kaji, ƙunzugun jarirai, fasassun kwalabe, ƙudaje sun yi baƙi a kai suna ƙugi. Wurin da take ɗora tanda, inda kike tsayawa da tsintsiya kina yi mata tsiya, ya nutse ba a ko ganin duwatsun murhun. 'Yar siririyar hanya ce kawai aka bari zuwa ƙofar. Na yi salati, na sake yi.

Ina nan tsaye sai ga wata yarinya da bokiti a ka. Tana tafe tana duban katangu, ta wuce wannan, ta wuce wancan, har ta iso katangar Goggo wadda ita kaɗai ce babu rubutu a duk layin. Ta juye bokitin ta karkaɗe. Da ta juyo sai na ga autar Yaya Sani ce, jikarki. Na ce wa ya aiko ta nan. Ta ce, "Mama tac ce kada a zuba inda akwai rubutu." Ba ta ma san ta yi wani abu ba, har tana tambayata ina tsarabar Maiyama.

A nan na gane yadda aka yi. Babu wanda ya zauna ya ce a zubar da shara a ƙofar tsohuwa. Kowace uwa ta ja wa ɗanta kunne ya kiyayi rubutu, kowane yaro ya yi biyayya, ya yi ta tafiya har ya sami katangar da ba ta da shi. Unguwa guda ta ji tsoron Allah a jikin katanga, kuma tsoron ne ya tattaro ƙazantarta kaf ya kai ƙofar mutum ɗaya.

Na yi sallama na shiga. Na same ta a rumfa kan tabarma, ta rame, ƙafarta ta dama naɗe da tsumma, ta kumbura har ƙauri. Kwalba ce ta yanke ta a bakin ƙofa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "A'a, ɗiyar Hajo, ashe kina gari?" Ba da gatse ta faɗa ba, kuma da ta yi gatsen da ya fi mini sauƙi.

Bayan mun gaisa na kasa haƙuri. Na ce Goggo me ya sa ba a rubuta miki ba, ai da kin aiko da ni kaina zan zo da Nasiru. Ta ce, "Sun zo. Yara sunka zo da gwangwanin fenti sunka ce za su rubuta man, nic ce a'a. Katangar ga awaki ka goga jiki gare ta, ruwan kwata ka fallatsa mata, damina in ta zo laka ta ka sha. In mai da sunan Ubangiji maigadin juji? Ban iyawa, ɗiyata. Hajo ma ba ta yi."

Na ce to me ya hana ta kai ƙara wurin mai unguwa, ko ta aika a kira liman. Maimakon ta amsa sai ta nuna mini ɗakinta da haɓa, ta ce in ɗauko abin da ke bayan ƙyaure. Babbar ƙwaryar nan ce da take kwaɓa ƙullun masa, wadda kika sani, mai ɗinki a baki. Tun da ƙudaje suka kori masu saye ta daina suya, ƙwaryar ta samu wani aikin. Cike take da takardu.

Na zauna na riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Takardun jarrabawar Islamiyya. Yagaggun shafukan littafin koyon sallah na yara. Katunan ɗaurin aure masu bisimilla a sama. Kalandar da ta ƙare mai ayoyi. Wata an naɗe ƙosai da ita mai ya huda ta, wata da tabon miya, wata da sawun kashin kaji da aka goge. Duk an shanya su an miƙar an jera. Ta ce, "Da sunka hwara zubawa na yi hwaɗa har murya ta tahi. Rannan nig ga takarda da bisimilla cikin ruwan miya, nid ɗauka. Gobe nig ga wata. Sai nic ce, to, in na kore su, su kai ta inda babu mai tsinta hwa? Sai niy yi shiru."

Inna, kin ji? Kullum da safe tsohuwar nan take fita ta tona sharar unguwa da hannunta tana ceto sunan Allah, sunan da muka ɗauko muka manna a katangu don ya tsare mana ƙofofi. Garin tonon ne kwalbar ta yanke ta. Tun da ƙafar ta kwantar da ita ba ta samu ta ƙona su ba, shi ya sa suka taru. Abin da ya fi damunta kuma, ta ce, shi ne waɗanda ake zubawa yanzu da ba ta iya fita.

Can ƙasan ƙwaryar na ga rubutun da na sani. Takardar darasina ce, wadda na raba wa ɗalibai a kan haƙƙin maƙwabci, da hadisi a samanta. Ta yi laushi da ruwan wanke-wanke. Ban san ta hannun wa ta biyo ba, ban kuma nema ba. Na riƙe ta na fashe da kuka a gaban Goggo, ita ce ma ke ba ni haƙuri tana cewa in yi a hankali kada in jiƙa mata takardu.

Daga nan gidanki na faɗa. Na sami Yaya Sani a zaure na zazzage masa abin da ke cikina, na manta da girman da ke tsakaninmu. Ya ce, "Ai kowa nan ya ka zubawa, ba mu kaɗai ba na." Na ce masa masar da ya ci ta kan katangar nan ta fi gashin kansa yawa. Ya sunkuyar da kai. Ni ma da na fito sai na tuna cewa shi bokiti kawai ya aika, ni kuwa ni na nuna wa gari dabarar.

Da safe ban buɗe littafi a aji ba. Na ce kowa ya sa takalmi, darasin yau a lungun Goggo Ige yake. Suka ga jujin, na kuma shigar da su suka ga ƙwaryar takardun. Nasiru ya juya ya dafa katanga. Da muka koma aka yi ta gardama. Wasu suka ce a kafa allo mai rubutu a gefen ƙofarta ko ba ta so, na ce sharar za ta ƙara gaba ne kawai ta sami wata Goggon. Nasiru ya ce a bi gari a kankare rubutun duka har da nasa, aka ce wa zai sa ƙarfe a kan bisimilla mutane na kallo su bar shi. Luba ce ta ce a bar katangu tukuna, ita dai a roƙar mata aron ƙwaryar.

Goggo ta bayar, amma da sharaɗi biyu. Na farko, duk takardar da ke da sunan wani ko na ɗansa a naɗe sunan, don ba ta yarda a kunyata kowa ba. Na biyu, in an gama a ƙona su yadda ya dace a binne tokar.

Matan ajin suka sayo farin yadi mai faɗi. Nasiru ya fitar musu da zanen katangar masallaci a kansa da fensir, sak yadda yake. Suka zauna da allura da zare suna ɗinke takardun a kan zanen, ta gefe-gefe don kada allura ta taɓa rubutu, masu tabon mai a tsakiya, masu ja a kewaye, katunan aure a kusurwoyi da sunayen a naɗe. Luba ta hana a goge ko tabo ɗaya. Da aka ɗaga shi daga nesa sai ka rantse sabuwar zayyana ce.

Ranar Juma'a, ana cikin sallah, aka rataye shi a gefen zanen katangar. Mu mata muna leƙe daga zauren gidan da ke kallon masallaci. Aka sallame, mutane suka fito, suka hango, suka nufo shi da murna suna ciro waya, wai ɗalibai sun sake yin wani. Na ga fuskokin na gaba suna sauyawa da suka matso. Wani ya kai hannu ya janye. Wani ya tsaya a kan wata takarda ya daɗe, ina jin rubutun ɗansa ya gane ko da babu suna. Hayaniyar ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya har wurin ya yi tsit.

Liman ya sa tabarau ya matso ya karanta, ya ja da baya yana salati, ya ce daga ina wannan. Nasiru ya rusuna ya ce, "Allah gafarta malam, cikin jujin ƙohwar Goggo Ige anka tsince su. Ita tat tsince su." Liman ya kama hanyar lungun, jama'a suka bi shi.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, Inna. Maza cikin fararen kayan Juma'a, da turare da hula, tsaye cirko-cirko gaban sharar gidajensu, ƙudaje na sauka a kafaɗunsu. Wani dattijo dillalin albasa ne ya fara tuɓe babbar rigarsa ya rataya a katanga, ya ce a miƙo masa shebur. Yaya Sani ya shiga gida ya fito da baro. Liman ya ce kada a kwashi komai sai an duba, sai ga manyan mutane a tsugune suna tona shara da hannu suna ware takardu, abin da tsohuwa ɗaya ta daɗe tana yi ita kaɗai. Kafin magariba an ga duwatsun murhunta.

A makon aka yi abubuwan da ya kamata a ce da su muka fara. Mai unguwa ya sa aka sake buɗe tsohon ramin bayan gari da aka daɗe da daina zuwa, aka sami samari masu kura da ke bi gida-gida suna kwasa. Aka rataye tukunya a ƙofar masallaci don takardu. Rubuce-rubucen da ke ƙasa-ƙasa a katangu, liman da kansa ya tsaya aka kankare su cikin ladabi aka tara ɓurɓushin aka binne. Yadin Luba kuma aka warware ɗinkin, aka ƙona takardun a gaban Goggo, tokar tana gindin darbejiyarku.

Na ɗauka shi ke nan, an gyara. Har na aika wa Bello hoton ƙofar an share an yayyafa ruwa, na ce ya bar mana ita. Bai ba ni amsa ba. Ranar Lahadi sai ga shi da mota.

Na je na durƙusa a gabanta na roƙe ta, matan unguwa suka cika gidan suna roƙo, har da matar Yaya Sani tana kuka tana neman gafara. Goggo ta ce ta yafe wa kowa tun kafin a tambaya. Ta ce mini, "Ba hushi ni kai ba, ɗiyata. Ƙahwa ta ƙi, likita ya ce sai da mai kula kusa. Tanda kuma ta yi sanyi. Wanda yas saba sayen masa wani wuri ba ya dawowa don an share ƙohwa." Gaskiya ta faɗa.

Aka ɗauko ta a hannu aka fito da ita. Da aka zo daidai katangar da ke tsakanin gidanki da nata, wurin da faifai ya goge ya yi santsi, ta ce a tsaya. Ta dafa wurin ta ɗan jima, bakinta na motsi. Ina jin da ke take magana.

Kayanta kaɗan ne, ba su cika bayan motar ba. Tandar ta ba wa wata maƙwabciya. Ƙwaryar kuwa tana kan cinyarta har aka tayar da mota, sannan ta miƙo mini ita ta taga. Ta ce, "Hajo ta tahi, ni ma ga ni na tashi. Amshi. Ido ƙasa, ɗiyata."

Yanzu ƙofar Goggo Ige ita ce mafi tsabta a duk unguwarmu. Kullum sai an sami wanda ya share ta, wani lokacin mutum biyu. Babu rubutu a katangar, babu ko leda a gindinta, kuma ga kwaɗo a jikin ƙyauren. Na bi ta wurin jiya na tsaya, ban ji ƙamshin masa ba, ban ji muryar kowa ba.

Darasin zaman gari yana nan ban rufe shi ba. Sai dai yanzu kafin ɗalibi ya ɗauki burushi ko allura, sai ya gaya mini wa ke zaune a bayan katangar da zai gyara, da kuma inda abin da zai kora zai koma. Na gaya musu maganarki ta shara, na ce ba a littafi na samo ta ba, a bakin uwata na ji. Ƙwaryar tana kan teburina a aji. Tafiya kuma ta fara yi mini tsawo, Inna, don jiya tsakanin gida da makaranta sau nawa na duƙa, har wani yaro ya tambaye ni ko kuɗi na yar.

Na yi kewarki. Da kina nan da abin bai kai haka ba, don ranar da bokitin farko ya sauka a ƙofar nan da unguwa ta ji muryarki. Ni da na gaji aminiyarki a hannunki, ina can ina bayani da lasifika. Bello ya ce ƙafar na sauƙi, tana takawa da sanda, kuma ta fara yi wa matarsa faɗa a kan yadda take jiƙa shinkafar masa. In Allah ya kai mu Asabar zan je Maiyama in gaishe ta, zan kai mata daddawar Jega da take so.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya sa kowace takarda da kika duƙa kika ɗauka ta zame miki inuwa ranar da babu inuwa. Allah ya ba Goggo Ige lafiya, ya sa ta gama da duniya lafiya, in lokacinta ya yi ya sake haɗa ku maƙwabtaka a gidan da babu shara. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu ji kunyar maƙwabci kamar yadda muke jin tsoron rubutu. Amin summa amin.

Wassalam.

Taki har kullum,
'yar farinki a mata, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta har kika koma ga Allah.